Yadda za ka sayi domen ba tare da ka baje sunanka da lambar wayarka a fili ba

Mutane da yawa ba su san cewa ranar da suka sayi domen, wato adireshin shafi irin su kaza.com, fom ɗin da suka cike ba a hannun kamfanin kaɗai yake tsayawa ba. Suna, adireshin gida, lambar waya, imel, duk suna shiga wani kundi da ake ce wa WHOIS, tsarin da aka kafa tun 1982 lokacin masu amfani da intanet ba su da yawa. Shekara da shekaru kowa na iya buga sunan domen ya ga mai shi har da layin gidansu. Sai da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, GDPR, ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018 sannan ICANN, hukumar da ke kula da sunaye irin .com da .net da .org, ta sa aka fara rufe bayanan mutane, daga Janairun 2025 kuma wani sabon tsari mai suna RDAP ya gaji WHOIS. An samu sauƙi sosai, amma kar ka saki jiki, don dokar Turawa suka yi wa mutanensu, kai da ke Kano ko Maraɗi ya danganta da kamfanin da ka faɗa hannunsa.

Kuma abin ba wasa ba ne. Matar da ke sayar da turaren wuta daga cikin gidanta, ko ɗan jaridar da ya buɗe shafi yana rubutu a kan masu mulki, a halin rashin tsaron da ake ciki ba ƙaramin haɗari ba ne a ce adireshin inda yake kwana yana nan a fili kowa ya ɗauka.

To abin da za ka fara dubawa tun kafin ka taɓa katin banki shi ne wutsiyar sunan. Su .com da .net da .org duk suna yarda a ɓoye bayanai. Amma domen ɗin ƙasashe kowacce da dokarta, ICANN ba ta da iko a kansu yadda take da shi a kan .com. Misali .us ta Amurka ta hana ɓoyewa tun 2005, in ka saye ta don ka ga tana araha to ka sani sunanka a waje yake. Ta Najeriya, .ng da .com.ng, hukumar NiRA ce ke riƙe da ita, ta Nijar kuma .ne ce. In ɗaya daga cikinsu kake so, rubuta wa kamfanin da za ka saya a wajensu ka tambaye su ƙarara: me zai fito a fili in wani ya bincika? Kar ka biya sai sun amsa.

Sai zaɓen kamfani. Namecheap da Porkbun da Cloudflare suna ba da ɓoyewar kyauta a kan sunayen da suka yarda da ita, wasu kuma sai sun caje ka duk shekara. Ni dai a ganina duk kamfanin da zai karɓi kuɗi kafin ya rufa maka asirin lambar wayarka, gara ka wuce gaba.

Kafin ka buɗe fom ɗin, tanadi abu uku. Imel na daban wanda ba sunanka a jikinsa kuma ba shi kake amfani da shi a banki ko Facebook ba, amma wanda za ka riƙa dubawa. Lambar waya wadda ba ita ce ta WhatsApp ɗin 'yan uwa ba, in kana da layin kasuwanci shi ne daidai. Sai adireshi, in kana da shago ko ofis sa nasa, ko akwatin gidan waya, ba lallai sai gidan da iyalinka suke ba. Akwai wani gurbi da ake rubuta sunan kamfani ko ƙungiya, in ba kamfani ne da kai ba bar shi fanko, don sau da yawa ana iya rufe sunan mutum amma a nuna abin da ke wannan gurbin, kuma wasu sai su sake rubuta cikakken sunansu a wurin suna ganin dole ne a cike.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Kar ka yi ƙarya. Na san abin da ke zuwa ran mutum shi ne ya sa sunan bogi da adireshin da babu shi ya huta, wallahi wannan ita ce hanya mafi sauri ta rasa domen. A ƙa'idar ICANN kamfani zai turo maka saƙon tabbatar da imel ko waya, in kwana 15 suka wuce ba ka danna ba za su iya dakatar da domen ɗin, shafi ya mutu imel ɗin kasuwanci ya tsaya. Haka in wani ya kai ƙorafi cewa bayananka na ƙarya ne. Mafi muni kuma ranar da aka yi maka kutse ko ka manta kalmar sirri, kamfanin zai ce kawo katin shaida, NIN ko fasfo, kai kuma sunan da ke kan asusun ba naka ba ne, da me za ka nuna kai ne mai shi? Kamfanin ya san ko kai waye, jama'ar gari ne kawai ba za su sani ba, haka tsarin yake.

Da ka zo shafin biyan kuɗi nemi wurin da aka rubuta Domain Privacy ko WHOIS Privacy ka tabbatar a kunne yake kafin ka biya, ba bayan ka biya ba. Dalili kuwa akwai kamfanoni irin DomainTools da aikinsu shi ne kwashe bayanan rajista suna ajiye tarihinsu, in sunanka ya fito ko na kwana ɗaya ne suka kwafa, to ko ka rufe daga baya tsohon yana nan a rumbunsu ga duk mai kuɗin biya. Magana zarar bunu ce, haka shi ma wannan.

Bayan ka biya kar ka yarda da alamar kore da ke cikin asusunka kawai. Shiga lookup.icann.org ka buga sunan domen ɗin ka gani da idonka. Abin da ya kamata ka gani shi ne REDACTED FOR PRIVACY ko sunan kamfanin da ya tsaya a madadinka, irin Withheld for Privacy na Namecheap da ke Iceland ko Domains By Proxy na GoDaddy. Wani lokaci jiha da ƙasa suna fitowa, wannan ba komai. In ka ga lambarka ko imel ɗinka, yi wa kamfanin magana a ranar.

In kuma wani ne zai haɗa maka shafin, dan Allah kai ka buɗe asusun da kanka da imel ɗinka, ka sayi domen ɗin, sannan ka ba shi damar yin aikinsa. Da yawa masu haɗa shafi suna saye da sunansu su ce ai don a ɓoye naka ne, ranar da kuka saɓa ko ya canza layi ya ɓace, a takarda shi ne mai domen ɗin, kai kuma kuɗin talla da kwastomomin da suka haddace sunan duk sun tafi.

Sauran aikin na kula ne. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun, wato a nemi wata lamba bayan kalmar sirri kafin a shiga, da manhaja irin Google Authenticator ya fi saƙon tes saboda masu satar layi. Bar makullin hana ɗauke domen a kulle, lambar sirrin da ake mayar da domen wani kamfani da ita kuma kar ka ba kowa. Ka duba ko ɓoyewar tana sabunta kanta tare da domen ɗin, don a wasu wuraren daban-daban suke ƙarewa, kuma ka lura da katin da ka sa, katin naira na iya ƙin biyan dala ba tare da an sanar da kai ba. Duk ranar da ka koma wani kamfani sake shiga shafin binciken nan ka duba, ɓoyewar tsohon kamfani ba ta bin ka.

Ka kuma sani wannan ba ya ɓoye ka daga hukuma, in kotu ta ba da umarni ko aka shigar da ƙara kan satar sunan kasuwanci kamfanin zai miƙa bayananka. Sannan ba ya rufe abin da kai da kanka ka rubuta a shafin, ka leƙa wurin "tuntuɓe mu" da ƙasan shafi ka ga wace lamba da wane adireshi aka sa. Saƙonnin da za su riƙa zuwa suna cewa domen ɗinka zai mutu gobe ka danna nan ka biya kuwa, kar ka danna komai a cikinsu, buɗe shafin kamfaninka da hannunka ka duba ranar ƙarewar a cikin asusunka.