Yadda na sa madubin motata ya riƙa duban ƙasa in zan ja baya

Sau biyu ina goga taya a bakin kwalbati wajen kasuwar Katako a Yamai, don madubin dama ba ya nuna mini ƙasa. Sai na sayi ɗan akwatin lantarki mai sunkuyar da madubi.

Waya ɗaya na haɗa da ta fitilar ja da baya, wadda ke kawo volt 12 da zarar giyar baya ta shiga. Sauran na ratsa su tsakanin maɓallin daidaita madubi da ɗan injin madubin, cikin ƙofar direba.

Ya sunkuya lafiya lau. Wajen dawowa kuwa sai ya zarce sama, kamar mai neman watan Salla. Ashe akwatin bai san mazaunin madubi ba, daƙiƙu kawai yake ƙirgawa. Na dinga rage lokacin dawowar kaɗan-kaɗan, a gwaji na huɗu ya tsaya daidai.