Kafin ka biya kamfanin yawon buɗe ido, karɓi lambar lasisinsa

Jama'a, ga wata 'yar dabara da za ta tsare muku kuɗi.

Kada ka yarda da hoton takardar shaida da aka turo maka ta WhatsApp. Nemi lambar lasisin, ka shiga shafin hukumar da ta bayar da shi, ka duba da kanka.

Abin da za ka fi sa wa ido shi ne suna. Sunan da ke kan lasisin ya zama shi ne a kan asusun bankin da za ka tura kuɗi. Idan asusun na wani mutum ne daban, dakata. Macuta kan ari lasisin kamfanin kirki, amma asusu dole su ba da nasu. Duba ranar ƙarewar lasisin ma.

Rajistar kasuwanci daban, lasisin yawon buɗe ido daban. Shaidar IATA, wato ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, kuwa ta sayar da tikitin jirgi ce. Lasisi na gaske yakan zo da kariya: a Birtaniya, tsarin kare matafiya mai suna ATOL na mayar maka da kuɗinka ko ya dawo da kai gida idan kamfanin ya durƙushe.

Ɗan jagoran baƙi kuma, ce masa ya nuna katinsa, ka haɗa hoton da fuskarsa. A Masar da Turkiyya doka ta wajabta masa lasisi.

Sai dai a ƙasashe irin su Jamus, kowa na iya jagorancin baƙi ba tare da lasisi ba, don haka rashin kati ba laifi ba ne. A can sai ka tambayi waɗanda ya taɓa yi wa aiki.