Yadda Iyaye Za Su Ci Gajiyar Zama da Ƙwararre Kan Tarbiyyar Yara

Iyaye da dama suna kai yaro wurin masanin halayyar ɗan Adam da zaton za a karɓe shi a gyara musu shi, sai su tarar cewa mafi yawan aikin a wuyansu zai rataya. Dalili kuwa a fili yake: masanin sa'a ɗaya yake ganin yaron a mako, su kuwa suna tare da shi dare da rana.

Lokacin neman taimako ya yi idan rigimar yaro ta ɗauki watanni tana ƙaruwa, ko ta fara shafar barcinsa da karatunsa, ko kuma ku da kanku kuka lura cewa tsawa da duka sun zama hanya ɗaya tilo da kuke magana da shi. Ku fara da likitan yara, domin matsalar ji, ko jinkirin magana, ko ƙarancin barci na iya fitowa da kamannin taurin kai.

Kafin zaman farko, ku ɗauki mako ɗaya ko biyu kuna rubuta abu uku duk lokacin da rigima ta tashi: abin da ya faru kafin ta, abin da yaron ya yi, da abin da ku kuka yi bayan nan. Na ukun shi ne wanda iyaye suka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi amfani. Ga misali, uwa ta ce wa ɗanta ya ajiye waya ya kwanta, ya fasa ihu, ta ɗaga murya, ya faɗi ƙasa yana birgima, ta gaji ta ce ya ƙara minti goma. A wannan daren yaron ya koyi cewa ihu yana biyan buƙata, uwar kuma ta koyi cewa sakar masa yana kawo shiru. Masanin nan ɗan Amurka Gerald Patterson, wanda ya yi aikinsa a jihar Oregon, ya nuna yadda wannan zagaye yake ƙara ƙarfi duk lokacin da aka maimaita shi, har kowane ɓangare ya riƙa horar da ɗan'uwansa ba tare da saninsa ba.

Idan kun zauna da ƙwararren, ku tambaye shi kai tsaye wace hanya yake bi, zama nawa ake buƙata, kuma da me za a gane an samu ci gaba. Akwai tsare-tsaren horar da iyaye da aka daɗe ana gwada su, kamar Triple P da Matthew Sanders ya samar a Jami'ar Queensland ta ƙasar Ostareliya, da kuma PCIT da Sheila Eyberg ta ƙirƙira a shekarun 1970 domin yara masu shekara 2 zuwa 7. A ganina, wanda ya kasa bayyana hanyarsa cikin sauƙin harshe bai cancanci a ba shi amanar yaro ba.

Tsarin PCIT ya isa a tsaya a kansa, domin yana nuna abin da ake nufi da horar da iyaye. Uwa ko uba yana wasa da yaron a ɗaki, masanin yana kallo ta bayan gilashin da ba a ganinsa, yana raɗa wa uwar ko uban abin da za su faɗa ta ƙaramar na'ura a kunne. A matakin farko ana barin yaro ya ja ragamar wasan, ana hana iyaye yin tambaya, da ba da umarni, da kushewa. Abin da ake so su yi shi ne su faɗi abin da yaron yake yi, su maimaita maganarsa, su yaba masa a kan takamaiman abu, kamar su ce, "Na ji daɗin yadda ka ajiye fensirin a hankali." Ana ba su aikin gida na minti 5 kullum, kuma duk wanda ya gwada ya san cewa minti biyar ba tare da gyara wa yaro komai ba yana da wuyar da ba a zata. Sai dangantaka ta yi taushi ake shiga mataki na biyu, inda ake koyon ba da umarni ɗaya, gajere, cikin murya natsattsiya, tare da cika abin da aka ce zai biyo baya.

Ku shirya wa tsanantar rigima a kwanakin farko, domin yaron da ya saba samun abu da ihu zai ƙara ƙarfin ihun kafin ya haƙura, kuma a daidai nan ne iyaye da yawa suke cewa abin bai yi aiki ba su daina. Ya kamata duk wanda yake kula da yaron ya san sabuwar dokar, don kada a hana shi a nan a ba shi a can.

Kada ku ɓoye wa masanin halin da ku kanku kuke ciki. Uwar da baƙin ciki da kuka suka wuce mata mako biyu bayan haihuwa tana buƙatar a duba ta, kuma akwai ma'aunin Edinburgh na shekarar 1987, mai tambayoyi 10, da ma'aikatan lafiya suke amfani da shi wajen gano wannan damuwa. Iyaye maza ma tana kama su. Wanda kuwa ya ji zuciyarsa tana raya masa ya cutar da kansa ko yaron, to ya ajiye yaron a wuri mai aminci, ya kira wani babba ya zauna da shi, ya tafi asibiti a ranar ba tare da jiran zama na gaba ba.