Jar Fitilar Birki a Tsohuwar Mota: Kurakuran da Aka Fi Yi da Gyaransu

Motocin yanzu kusan kowace matsala da fitilarta. Tsohuwar mota kuwa, irin Peugeot 504 da aka fara ƙerawa a Faransa a 1968 aka ci gaba da haɗawa a Kaduna shekaru masu yawa, ko Mercedes W123, ko tsohuwar Land Cruiser da har yanzu ke zirga-zirgar hanyar Dakoro, sau da yawa jar fitila guda ce a tabulo, wato allon gaban direba, take ɗauke da saƙo uku ko huɗu. Tana iya nufin birkin hannu bai sauka ba. Tana iya nufin man birki ya yi ƙasa, ko plaket (abin da ke matse faifan taya in an taka birki) ya cinye, ko ɗaya daga cikin layukan birkin biyu ya rasa ƙarfi. Fitilar ba za ta gaya maka wanne ba ne, kai za ka binciko. Kusan duk kuren da ake yi daga nan yake farawa: mutum ya zaɓi fassarar da ta fi masa arha, ya kama hanya.

Kafin komai, ƙafa za a tambaya. A tsaya a gefen titi, a taka birki da ƙarfi a riƙe kamar rabin minti. In feda ta tsaya cak, da sauran sarari tsakaninta da ƙasa, ana iya lallaɓawa a hankali zuwa garaj. In ta yi laushi, ko tana nutsewa sannu-sannu, ko sai an taka sau biyu sau uku kafin ta kama, to motar nan ba ta shiga gari. Wanda ya san cunkoson kabu-kabu da amalanke a bakin babbar kasuwar Maraɗi ba sai an yi masa bayani ba.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi kama da hankali, shi ne a buɗe bonet, a ga mai ya yi ƙasa, a sayo ƙaramar kwalba a cika, fitila ta mutu, a ce an gyara. Man birki ba man inji ba ne, mota ba ta ƙona shi. In ya ragu, ɗayan biyu ne. Ko dai plaket ya cinye, fistin da ke tura shi ya ƙara fitowa don ya cike gurbin, man ya bi shi ƙasa; ko kuma akwai inda yake yoyo. A hali na farko, wanda ya cika tankin ya toshe bakin abin da ke gaya masa plaket ya kusa ƙarewa, kuma ran da aka sa sabo aka mayar da fistin baya, man zai tumbatso ya zuba a kan fenti, ya kuwa ci shi. A hali na biyu, ya sayi 'yan kwanaki ne kawai.

Gyaran shi ne a nemi inda man ya tafi. A kwance taya a duba kaurin plaket. In abin da ya saura bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba, a canza, kuma gefe biyu tare. A leƙa bayan kowace taya. A ƙasarmu mai ƙura yoyo ba ya ɓuya: wurin zai yi baƙi, ƙura ta manne ta yi danƙo alhali kewayensa a bushe yake. Motar da ke da tambur a baya, wato gangar ƙarfen da ke rufe birkin taya, a cire tambur ɗin a ɗaga 'yar robar da ke bakin silinda da ɗan yatsa. In mai ya fito, robobin ciki sun mutu. A lanƙwasa tiyon roba na kowace taya a ga ko ya tsattsage, domin zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 yana dafa roba. Akwai kuma yoyon da ba ya ɗiga ƙasa sam: masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa tayoyi, ya riƙa zubar da mai ta baya cikin baƙar tukunyar iskar da yake ɗaure a jikinta. Mai na raguwa, ƙarƙashin mota a bushe, kowa ya rasa dalili. A sassauta notin da ke riƙe da masta a duba bayansa; in akwai danshi ko fenti ya kumbura a wurin, an kama ɓarawon.

Sai abin da ake zubawa. Nan ne raina ya fi ɓaci, don ɓarnar ba ta gyaruwa da arha. Mafi yawan waɗannan motoci DOT 3 ko DOT 4 suke sha, kuma a rubuce yake a kan murfin tankin. Wanda ya rasa a hanya ya zuba man inji ko man giya ya kashe duk robobin birkin, domin za su kumbura, sai an canza su kaf an wanke layuka. DOT 5 ma, duk da lambarsa ta fi girma, da silikon aka yi shi, ba ya haɗuwa da sauran. Koren man LHM kuma na tsofaffin Citroën ne, ba shi da hurumi a Peugeot. Kwalbar da aka buɗe tun bara aka jefa a but ita ma a bar ta, saboda man birki yana jan danshi daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai wajen digiri 230, amma in ya sha ruwa yana saukowa zuwa wajen 155. Mota cike da buhunan gero, ana ta taka birki, man ya tafasa, feda ta tafi ƙasa ba ko ɗigon yoyo. Shi ya sa ake sauya shi gaba ɗaya duk shekara biyu. In ya yi baƙi kamar shayin da ya kwana a buta, ai ya wuce lokaci.

Wani kuskuren a wurin mai gyaran waya ake yinsa. Direba ya zo ya ce, "Malam, wutar nan ta ishe ni, birkina lafiya lau, kashe mini ita." Shi kuma ya miƙa hannu bayan tabulo ya zare ƙwan, ko ya yanke waya, ya karɓi na goro. Alhali binciken bai da wuya. Kusan duk makunnan da ke kunna fitilar nan aiki ɗaya suke yi: su haɗa wayar da jikin ƙarfen mota, wato mas. Don haka a buɗe kontak, a riƙa cire filoginsu ɗaya bayan ɗaya ana kallon fitila. A fara da na birkin hannu, ɗan makunnin da ke gindin sandar, wanda ƙura da tsatsa ke maƙale shi ko ya goce daga wurinsa. Sai na murfin tankin mai, inda akwai ɗan abu mai yawo a saman man. In ya tsufa yakan jiƙe ya nutse ko ya maƙale a ƙasa, fitila ta kama alhali tanki a cike. Sai siraran wayoyin plaket, a motar da ke da su. Wanda aka cire fitila ta mutu, shi ne mai laifin. In an cire duka tana nan a kunne, galibi wata waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe, sai a bi ta. Akasin haka ma matsala ce: a ja birkin hannu kontak a buɗe, in ba ta kama ba, ƙwan ya ƙone ko wani ya riga ya zare shi. Mai sayen tsohuwar mota ya gwada wannan tun kafin ciniki.

In fitilar birki da ta batir suka kama tare mota na tafiya, kada a fara da kwance tayoyi. A motoci da dama, musamman na Japan, an haɗa su ta hanyar altanato, na'urar da ke cajin batir. A duba fambel, bel ɗin da ke juya shi, tukun.

Akwai kuma wanda ke rikita har ƙwararru. Tun 1968 dokar Amurka ta wajabta raba birki layi biyu, don in ɗaya ya fashe ɗayan ya tsayar da mota, sauran ƙasashe suka bi. A motoci da yawa na wancan zamani akwai ɗan bawul tsakanin layukan biyu, da fistin a tsakiya. In ƙarfin ɓangare guda ya faɗi, fistin ya gusa can ya kunna fitila. To bayan an gyara yoyon an fidda iskar da ta shiga layukan, a wasu motocin ba ya komawa tsakiya da kansa. Sai ka ga maigida ya canza masta, ya canza makunni, fitila na nan. Abin da ake yi shi ne a ɗan buɗe notin fidda iska na ɗaya ɓangaren, yaro ya taka feda a hankali, da zarar fitila ta mutu a ɗaure. In ya danna da ƙarfi fistin zai zarce ɗaya gefen, a koma gidan jiya.

Fidda iskar kanta ana yi mata gaggawa. Yaron garaj na ciki, maigida na ƙasa da sufana: "Taka! Riƙe!" Ya buɗe noti, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure, sannan ya ce, "Saki!" In yaron ya saki kafin a ɗaure, iska ta koma. A galibin motocin nan ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta a ƙare da mafi kusa, kuma wani ya tsaya yana ƙara mai, domin in tankin ya ƙafe a tsakiyar aiki sai a faro daga farko. Idan an gama, a gwada a fili marar jama'a, a ga ko motar na ja gefe guda, sannan washegari da safe a sake duba matakin man da bayan tayoyin kafin a ɗauki hanyar Ɗan Isa ko Tasawa.