Yadda ake zaɓen tagar da za ta tare zafi da ƙura a Sakkwato

Ranar da muka tare a gidanmu da ke wajen Mabera, abin da kowane baƙo ya fara yabawa shi ne tagar falo. Babba ce, ta alminiyam mai zugewa, faɗinta ya kusa mita biyu, kuma yamma take kallo. Cikin Disamba muka shiga, ba mu ga wani aibu ba. Da Afrilu ya kama, daga ƙarfe uku na rana falon nan ba ya zaunuwa. Tayil ɗin da ke ƙarƙashin tagar yakan yi zafin da yaro ba ya iya taka shi ba takalmi, fanka kuwa iska mai zafi kawai take juyawa har bayan isha'i. Na roƙi wani dattijon magini ya zo ya duba mini. Bai ma shiga ciki ba. Ya tsaya a waje, ya dubi rana, ya dubi bango, ya ce: "Malam, wanga ba laihin gilashi ba na. Kai kab buɗe ma rana ƙohwa."

A ƙasashen sanyi ana zaɓen taga ne don ta riƙe ɗumi a cikin ɗaki. Mu nan, inda zafin bazara ke haura maki 40 daga Maris zuwa Mayu, aikinta na farko shi ne hana rana shiga, na biyu hana ƙurar hunturu, na uku barin iska ta ratsa idan dare ya yi. Ga yadda za ka bi abin tun kafin ka ba da kuɗin kafin alƙalami.

Mataki na farko: san inda kowane bango yake kallo

Ba sai da na'ura ba. Alƙiblarmu a Sakkwato gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa, don haka in ka fuskance ta, yamma tana bayanka, kudu tana damanka, arewa tana hagunka. Zagaya gidan ko fegin, ka rubuta inda kowace taga za ta kalla.

Dalilin wannan wahala kuwa, garin nan yana kusa da layin digiri 13 ne a arewa da tsakiyar duniya. Da tsakar rana, musamman a bazara, rana kusan bisa kai take, rufi take duka, da ƙyar take leƙa tagogin kudu da arewa. Amma da hantsi tana shiga tagar gabas kai tsaye, da la'asar kuma ta shiga ta yamma, a daidai lokacin da bulo da kwano suka gama shan zafin yini. Murabba'in mita ɗaya na farin gilashi da ranar la'asar ke duka yana iya shigo da zafin da ya kai wat 500. Taga irin tawa ke nan kamar ka jona dutsen guga ne a tsakar falo ka bar shi har magariba.

Saboda haka manyan tagogi su tafi kudu da arewa. Na gabas su zama matsakaita. Bangon yamma kuwa, in da hali, a bar shi ga banɗaki da sito, a yi masa ƙananan tagogi can sama. Duk wanda ya taɓa shiga tsofaffin soraye na cikin gari, wajen Kanwuri, ya ga wannan dabarar: bango mai kauri na ƙasa, 'yar taga ƙarama kusa da rufi, kuma ciki da sanyi ko da rana ta take. Magabata ba rashin son haske ya sa su yin haka ba.

Kowane ɗakin kwana ya samu tagogi biyu a bango daban-daban. Taga ɗaya tilo ba ta jan iska, don iskar ba ta da mafita.

Mataki na biyu: yi wa tagar inuwa daga waje

Nan ne mafi yawan ribar take, kuma nan ne ya fi araha. Labule komai kaurinsa yana tare haske ne bayan zafi ya riga ya ratso gilashi. Taɓa labulen tagar yamma da ƙarfe huɗu ka ji: shi kansa ya zama murhu. Inuwar da ke waje ita ce ke tsayar da rana tun ba ta taɓa gilashin ba.

Tagar kudu da ta arewa 'yar rumfa ta kankare ko ta kwano a samansu ta wadatar. In fitowarta ta kai rabin tsawon tagar, za ta rufe ta da tsakar rana a duk watannin zafi. A tsakiyar hunturu, lokacin da rana ke karkata kudu, ɗan hasken da zai shigo ta ƙasa ma ana maraba da shi.

Gabas da yamma ba sa jin wannan magani, domin ranar a kwance take zuwa, ta ƙarƙashin rumfar take bi. Su sai abin da ke tsaye a gabansu: baranda mai zurfi, ko murfin katako ko na ƙarfe mai tsaga-tsaga da ake rufewa daga waje, ko asabari da za a rataya a bar tazarar taƙi ɗaya tsakaninsa da gilashi don iska ta wuce. Sai kuma itace. Dogon yaro yana jure ƙasarmu, yana saurin girma, amma a nisanta shi da gini da mita huɗu zuwa biyar saboda saiwarsa.

Mataki na uku: zaɓi yadda za ta riƙa buɗewa

Mai zugewa ita ta cika gari, don ta fi sauƙin kuɗi kuma ba ta cin wuri. Aibunta biyu ne. Rabinta kawai ke buɗewa, komai girmanta. Sannan ba ta matsewa, 'yar gashin da ke gefenta ce kawai ke tare iska, kuma cikin 'yan shekaru take cinyewa. Iskar hunturu da ke tasowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take, ta nan take bi ta kwanta a kan gado da kwanukan abinci.

Luba, wato mai jerin fallayen gilashi, ta fi kowace ba da iska, amma ba ta rufuwa ruf ko sabuwa ce. Ta dace da kicin da baranda, ba ɗakin da za a sa na'urar sanyaya ɗaki ba.

Ni dai wadda nake ba da shawara ita ce mai buɗewa kamar ƙofa. Tana buɗewa gaba ɗaya, in ka rufe kuma mariƙinta yana danne ta a kan roba, ƙura ta rasa hanya. Ta fi tsada kaɗan. In kuɗi bai kai a yi wa gida duka ba, a fara da ɗakunan kwana da bangon gabas, inda ƙura da ruwan sama mai iska suka fi bugawa.

Mataki na huɗu: firam

Alminiyam yana ɗaukar zafi ya wuce da shi fiye da katako sau dubu. Baƙin firam da ake yayi yanzu ya fi muni, don baƙi shan rana yake yi. A zaɓi fari ko mai haske. Akwai alminiyam da ake raba cikinsa da wajensa da siririyar roba mai tauri don katse tafiyar zafi, in ka samu shi ne mafi kyau a jinsinsa. Firam na roba mai tauri da ake kira uPVC ba ya wuce da zafi sosai, amma ka tabbata mai jure rana ne kuma akwai ƙarfe a cikinsa, domin maras kyau yakan yi rawaya ya fara karyewa. Katako yana da kyau wajen tare zafi, sai dai gara da bushewar hunturu, yana son fenti da kulawa.

Mataki na biyar: gilashi

Mutane da yawa suna ɗauka kauri shi ne magani. Gilashi mai milimita 6 ya fi mai 4 ƙarfi, amma wajen tare zafi bambancinsu bai taka kara ya karya ba. In mai sayarwa yana da takardar kayansa, lambobi biyu za ka nema. Ta farko ana rubuta ta SHGC, tana nuna kason zafin rana da ke ratsawa. Farin gilashi falle ɗaya yana kusan 0.85, wato kusan duka yake bari ya wuce, gilashin da aka yi don tare rana kuwa yana sauka zuwa 0.4 ko ƙasa. Wannan lambar ita ta fi damun mu. Ta biyu ita ce mai harafin U, tana auna yadda zafin iskar waje ke ratsowa. Falle ɗaya yana wajen 5.8, falle biyu mai iska a tsakani yana wajen 2.8. A duka biyun, ƙaramar lamba ita ce mai kyau.

Gilashi mai duhu yana rage haske, amma shan zafin yake yi ya sake wani kaso cikin ɗaki. Mai kama da madubi ya fi shi tare rana, sai dai akwai abin da ba a faɗa wa masu gida: da dare, in an kunna fitila a ciki, abin juyawa yake yi, na waje ya ga na ciki sarai. Gidan da ke da iyali dole a haɗa masa da labule.

Falle biyu fa? In ɗaki ne da za ka riƙa sanyaya shi da na'ura, musamman a kan sola da batir inda kowane wat kuɗi ne, ya cancanci kuɗinsa. Nemi mai tazarar milimita 12 zuwa 16, mai shafen da ke mayar da zafi, wanda ake rubuta wa Low-E, kuma shafen ya kasance a fuskar ciki ta fallen waje. Kana iya gwadawa: kunna ashana kusa da gilashin, za ka ga harshen wuta huɗu a ciki, wanda launinsa ya bambanta shi ke nuna fuskar da ke da shafe. In kuwa fanka kawai gare ka, kuɗin nan gara ka zuba su a inuwa da silin mai kyau, domin a gidan da ba bene ba rufi ne babbar ƙofar zafi.

Mataki na shida: tsaya a kan aikin ranar ɗorawa

Taga mai tsada da aka ɗora a karkace ba ta fi ta banza ba. Kafin a ɗaure, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarori biyu, awon ya zo daidai. Ratar da ke tsakanin firam da bango a cike ta, a bi da silikon ciki da waje, kada a toshe da takardar buhun siminti a shafe da filasta. Dandamalin tagar na waje ya ɗan gangara, ƙananan ramukan fitar ruwa da ke ƙasan firam kuma a bar su a buɗe. Ragar sauro ta zama mai cirewa, don ƙura na toshe ta har iska ta kasa wucewa, sai an wanke.

Kada ka cika kuɗin aiki sai ka gwada. Sa takarda a bakin tagar ka rufe, ka ja. In ta zare ba gardama, robar ba ta kama ba. Ranar da ake iska, kunna turaren tsinke ka bi gefen firam a hankali, inda hayaƙin ya karkace nan ɓarakar take. Da dare kuma wani ya haska tocila daga waje kai kana ciki.

Sauran aikin na hannun mutanen gida ne. A bazara a rufe tagogi tun da hantsi kafin iskar waje ta yi zafi, a buɗe su duka bayan isha'i don bango ya huce.

Tagar falona ban cire ta ba, kuɗin ba su kai ba. Mai walda ya yi mini murfi mai tsaga-tsaga daga waje, muka shafa masa farin fenti, aka sauya gashin gefen da ya cinye, na dasa dogon yaro biyu ta yamma. Yanzu da la'asar a kan tayil ɗin nan yara ke zama suna bitar karatun Islamiyya.