Babi na Shida: Kafin Ka Zuba Kuɗi a Aikin Haƙar Zinariya

Darasi na 1: Ayyukan iri biyu ne

'Yan'uwa, a nan Jos ba baƙi ba ne mu ga harkar ma'adinai, tafkunan kuza na Bukuru da Rayfield sun ishe mu shaida. Amma sayen hannun jari a kamfanin zinariya wani abu ne daban. Akwai kamfanin da har yanzu neman zinariyar yake yi, bai tabbatar tana da yawan da za ta biya wahala ba. Akwai kuma wanda ya gama bincike, ya auna, yana gina masana'antar tacewa ko ma ya fara sayarwa. Na farko maraƙi ne: yana da araha, zai iya zama babban sa, zai iya mutuwa kafin kaka. Na biyu saniyar tatsa ce, kuɗinta da tsada, nononta kuwa a bayyane. Yawancin ayyukan bincike ba sa kaiwa ga zama mahaƙa.

Darasi na 2: Karanta takardar izini

Nan ne aka fi tuntuɓe, saboda haka mu tafi sannu a hankali. Ofishin Mining Cadastre da ke Abuja shi ke ba da lasisi a ƙarƙashin Dokar Ma'adinai ta 2007. Ka karɓi takardar a hannunka, ka nemo lambarta, ka dubi haruffan da ke jikin lambar.

In ka ga EL, lasisin bincike ne. Shekara 3 yake yi, ana sabunta shi sau biyu, shekara bibbiyu. Izinin nema ne kawai, ba izinin haƙa a sayar ba. In ka ga ML, wannan shi ne izinin haƙa, na shekara 25.

Mu sake. EL: ana nema. ML: an yarda a haƙa. Faɗa da bakinka sau uku. Kada ka ji kunya in ka rikice, haruffan sun yi kama, kuma kowa da haka ya fara. Sa yatsa a kan harafin farko: E ne ko M? Duba ranar ƙarewa, sannan ka duba ko sunan da ke kan takardar shi ne na kamfanin da ke neman kuɗinka.

Abin da ke damuna shi ne, wasunku sai a nuna musu dutse mai ƙyalli a cikin leda, ko bidiyo a waya, shi ke nan sun manta da takarda. Haba Alhaji, haba Hajiya! Kuɗin gumi ne fa. Wanda ya ce maka gobe za a fara rabon riba alhali EL ke hannunsa, ƙarya yake yi. Koma ka duba: E ko M?

Darasi na 3: Nawa ke cikin dutsen?

Ana auna zinariya da giram a cikin tan ɗaya na dutse. Misali, giram 2 a tan, dutse tan 1,000, ka sami giram 2,000. Injin tacewa ba ya kama duka. In ya kama kashi 90 cikin 100, saura giram 1,800. Raba da 31.1, wato giram ɗin da ke cikin oza ɗaya, ka sami kusan oza 58. Daga kuɗin da aka sayar da ita za a cire kuɗin dizal, albashi, magungunan tacewa da haƙƙin gwamnati.

Ka tambayi rami nawa aka huda da inji, da wane ɗakin gwaji mai zaman kansa ya auna samfurin dutsen da aka ciro. A 1997 aka gano cewa samfurin kamfanin Bre-X na Kanada daga Busang a Indonesiya barbaɗa masa zinariya aka yi, dubban masu jari suka tashi a tutar babu. Bayan nan Kanada ta kafa ƙa'idar rahoto mai suna NI 43-101. Ostareliya kuma tana da JORC. Nemi rahoton da aka rubuta bisa ɗaya daga cikinsu.

Darasi na 4: Kasonka yana raguwa

Kamfanin bincike ba ya samun kuɗin shiga, sai ya riƙa sayar da sababbin hannayen jari. In kana da 10 cikin 100, aka ƙara wasu 100, kasonka ya koma 5 cikin 100. Kada ka sa masa kuɗin makarantar yara ko jarin shago.

Darasi na 5: Aikin da ya yi nisa

Mahaƙar Segilola ta Jihar Osun, mallakar Thor Explorations, ta fara narka zinariya a 2021. Irin wannan ma yana da haɗari: bashin gini, faɗuwar farashi, da ƙarewar zinariyar a ramin. Tambayi shekara nawa suka rage.

Darasi na 6: Aikin gida

Rubuta EL da ML a littafinka, kowanne da ma'anarsa. Ka zo da shi ajin mako mai zuwa.