Yadda Za Ka Haɗa Teburin Renon Iri a Lambu

Da farko ka sayi busasshen katako a wurin 'yan katako. Ɗanye yakan lanƙwashe daga baya, teburin ya riƙa rawa.

Ka yanka ƙafafu huɗu da zarto, kowace santimita 90, wato daidai ƙugu, don ka huta da sunkuyo. Haɗa su da sanduna sama da ƙasa, ka buga ƙusa mai inci 3.

Sai ka jera falankai a sama, ka bar tazarar yatsa tsakaninsu domin ruwa da ƙasa su riƙa zubewa. A ƙasa ka yi kanta ta taki da ledojin dashe.

Ka shafe ƙafafun da baƙin mai, ka ɗora su kan bulo, saboda gara ba ta raga wa katako, balle da damina.